Fitilar Hagu

Karaye, 19 ga Afrilu, 1972

Zuwa ga Yaya Muntaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan ka isa Kano lafiya, ka tarar da Yaya Sakinatu da yara ƙalau. Allah ya ba da ladan zaman makokin da ka yi mana.

Yaya, jiya da hantsi na gane abin da ya kashe maigidana. Na ɗauko shuɗiyar rigarsa ta aiki zan wanke in bayar sadaka, na sa hannu a aljihu sai na ji roba. Guntun tiyub ne, yankakke kamar kunnen akuya. Na zauna a bakin rijiya da shi a hannu har aka kira azahar.

Ka san motar nan mai gado da murhu a cikinta, wadda ya saya wurin Turawan da suka keto Sahara da ita ta mutu musu a Kano. Kai ne ka sa mata suna ɗakin amarya mai taya. Don Inna mahaifiyarsa ya saye ta. Ta rantse ba za ta hau jirgin sama ba, wai abin da ba ya tsayawa a yi alwala, shi kuma ya ce to zai kai ta Makka ta ƙasa, tana kwance a gadonta. Ya fasa katangar garka ya shigo da motar, shekara biyu yana fama da ita.

Fitilun ne suka rage. Ya ce an ƙera su don ƙasar da ake bin hannun hagu, haskensu yana karkata hagu, wajen bakin hanya. Da aka mayar da mu hannun dama farkon watan nan, sai hasken ya koma cikin idon mai tahowa. Ya ce kuma hanyar Makka ba hannu ɗaya ba ce, Cadi dama, Sudan hagu. Shi ne ya yanka roba biyu da za a manna a gilashi su rufe gefen da ke kashe ido, in an shiga ƙasar hagu a ɓamɓare. Bayan magariba yakan haska katanga, ni kuma in ja layi inda hasken ya tsaya, gawayi na tsohon hannu, farar ƙasa na sabo. Babbar Injiniya yake ce mini, wai layina kamar hanyar tururuwa.

Ranar da ya rasu mun gama fitilar dama kenan, na ja farin layinta, sai ga mai keke daga Rogo, wai Barira ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Maigidana ya ce in ba shi ɗan lokaci ya manna ɗayar robar. Yaya, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na tambaye shi ko roba ta fi masa 'yarsa. Ya tuɓe rigar aiki ya sa babbar riga saboda gidan surukai ne, ya ce in zauna da Inna, ya fita da motar. Daga nan duk na manta da zancen fitila, sai jiya.

Ka ji abin da ake faɗa, wai Hammawa na Beli, direban babbar motar da ta buge shi, mantuwa ya yi ya koma tsohon hannu. Shi kuma tun daren yake rantsuwa wani haske ne ya shiga idonsa bai ga hanya ba. Ba wanda ya yarda, yana tsare har yau. Gaban motarmu ya ragargaje, ba fitilar da za a duba. Amma na je na dubi katanga. Layin gawayi biyu ne, farin layi ɗaya.

Mutumin nan gaskiya ya faɗa. Ni ga takaba, ba fita. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ka gaida mutan gida duka.

Ƙanwarka,
Safara'u


Karaye, 7 ga Mayu, 1972

Zuwa ga Yaya Muntaka,

Bayan sallama da gaisuwa, ya aiki, ya zafin nan? An ce ƙafar Yaya Sakinatu ta tashi, Allah ya ba ta sauƙi. Takardarka ta zo ran Laraba, na karanta ta sau uku. Ka ce in adana robar, kada kuma a taɓa katangar sai ka sami hutu ka zo da wanda zai duba. Robar tana ƙulle a bakin zanena. Katangar ce abin ji.

Na yi kuskure na gaya wa Sulle ƙanin maigidana, ta bayan labule. Na ɗauka zai taya ni. Ya ce ko ƙasar kabarin ba ta kwanta ba zan ɗora wa mamaci laifi, a riƙa cewa bakaniken da duk Karaye ke kai wa mota ya fita da fitilar da ba a gama ba. Ya ce direba ai gwamnati ce ta kama shi, ba mu ba. Washegari sai ga jakai da ƙasa, wai damina ta matso za a yi wa katangar garka yaɓe. Shekara goma sha ɗaya muna gidan nan Sulle bai taɓa kula da katangarmu ba.

Ban yi masa musu ba. Na ɗauki tabarmata da carbina na shimfiɗa a gindin katangar, can nake wuni. Magina suka leƙo suka ga mai takaba a zaune, suka juya. Kwana huɗu ƙasar tana jibge har ta bushe.

Amma hadari ba ya jin kunyar mai takaba. Shekaranjiya gabas ta yi baƙi, iska ta taso, na rataya asabari biyu a kan layukan na danne da duwatsu. Ruwan ya wuce ta wajen Tudun Kaya. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, da na ji ƙamshinsa sai da zuciyata ta ce da ma ya sauko ya wanke komai, in huta, sunansa ya huta. Na yi istigfari. Shi marigayin ba zai yarda wani ya kwana a tsare saboda aikinsa ba. Mutumin da in ya ɗaure kusoshin taya sai ya bi mai motar har tasha ya sake taɓawa.

Tani matar Hammawa ta zo gaisuwa tun daga Beli da goyo a baya. Sulle ya tare ta a zaure ya hana ta shiga. Ta ajiye ƙwaryar fura ta tafi. Ban iya sha ba, ban kuma iya zubarwa ba.

Inna tana tambaya me nake yi a garka, nakan ce iska nake sha. Akwatinta na ƙarfe yana nan a ƙarƙashin gado da fararen kayan da ta ɗinka na tafiya. Ba ta bari a matsar da shi.

Barira ta samu sauƙi. Ashe tun kafin mai keken ya iso nan unguwarzoma ta tsayar da jinin. Wannan ma ina tuna shi.

Don Allah kada ka jira hutu.

Taka,
Safara'u


Karaye, 4 ga Yuni, 1972

Zuwa ga Yayana Muntaka,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Ina fata gajiyar hanya ta sake ka, kuma shugaban makarantarku bai yi fushi da kwana biyun da ka ɗauka ba. Allah ya bar zumunci.

Ka tafi kafin a ji ƙarshen maganar. Sajan da bakaniken da ka kawo sun sake dawowa ran Litinin da wata fitila irin ta motar. Suka auna taku goma daga katanga kamar yadda na faɗa, suka haska da roba, suka haska babu roba. Hasken ya faɗi daidai kan layukana. An ce bakaniken ya ce wanda ya tsara wannan aiki ya san abin da yake yi, lokaci ne bai samu ba. Na ji daɗin wannan magana, na kuma yi kuka da ita.

Kwana biyu bayan nan ruwa ya sauko sosai. Ban rataya asabari ba. Da safe katangar ta koma ja, ba gawayi ba farar ƙasa.

An saki Hammawa ran Alhamis. Bai wuce gida ba sai da ya biyo ta nan. Ya durƙusa a zaure, ni ina daga ciki, ya yi ta'aziyya, ya ce har yanzu in ya rufe ido yana ganin hasken, kuma ba zai ƙara riƙe sitiyari ba, gona zai koma. Na aika masa da ƙwaryar matarsa, na zuba gero a ciki. Na roƙe shi gafarar mako bakwai da ya yi a tsare, ya ce shi ne mai neman gafara. Muka rasa wanda zai yafe wa wani.

Sulle bai ƙara shigowa ba, ko gaida Inna sai dai ta fita zaure. A kasuwa wasu na cewa na tona asirin mijina. Na ji, ban mutu ba. Jaririn Barira sunan kakansa aka sa masa, don haka shi ma ba na iya kiran sunansa, Maigida nake ce masa. Motar tana can bakin hanyar Rogo a kife, ban san yadda za a yi da ita ba.

Inna ta ji zancen fitilar a bakin maƙwabta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ta haife shi, tun yana yaro ko igiyar akuya bai taɓa barin ta rabin tufka ba, lalle akwai abin da ya fizge shi daga kan aikin nan. Ta juyo wajena da idanun nan nata da ba sa gani sosai, tana jira. Na tashi na ce tuwo zai kama.

Yaya, ko sajan, abin da na gaya masa shi ne saƙo ya zo daga Rogo ya fita da gaggawa. Maganar da na faɗa wa maigidana a gindin katangar nan, kai kaɗai ka san ta. Kullum in na kai wa Inna kunun safe nakan ce yau zan faɗa, sai ta kama hannuna ta sa mini albarka.

Ka gaida Yaya Sakinatu da yara, ka sa mu a addu'a. Inna ta san fitila ɗaya ce ba a gama ba, ba ta san wanda ya hana a gama ta ba. Har yau ban gaya mata ba.

Ni ce ƙanwarka,
Safara'u