Unguwar da Ta San Ka

Ya rabin raina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira! Sallama gare ka, irin wadda tsuntsuwa ke yi wa sheƙarta daga nesa.

Na ɗauki biro ne domin duk sanda na kira ka a waya sai harshena ya yi nauyi, in ce maka lafiya lau. Ba lafiya ba ce, masoyina.

Ka tuna ranar da ka same ni a kicin ina wanke-wanke, ka karanta mini sanarwar jami'ar nan, cewa tana gayyatar baƙin malamai masu bincike kan matsalolin birane? Na ce wa zai kula da kai da 'yarmu? Ka yi dariya har tabon girarka ya motsa, ka ce kai ma ka iya ƙona tukunya kamar kowa. Kai ka goge mini kayana, kai ka ɗauki akwatina har tasha. Wayyo, da na san abin da ke jirana, da na riƙe gefen rigarka na ƙi saki!

An karɓe ni hannu bibbiyu. Aka ba ni ofis mai taga ɗaya da taswirar gari a bango, aka ce in nazarci wata tsohuwar unguwa da aka tashi mutanenta domin a shimfiɗa titi. Da rana tsaka na shiga cikinta. Kowane gida an shafa masa jan fenti, ƙofofi a hangame kamar bakin da aka katse wa magana. Ba kare, ba kaza, ko ƙadangare ban gani ba. Amma tsakar gidajen a share suke tas, har ana ganin sawun tsintsiya.

A lungu na ƙarshe na tarar da wata tsohuwa zaune kan tabarma. Na gaishe ta, na kunna rikoda, ta yi ta ba ni labari: inda rijiya take, wanda ya fara gini, yadda maƙwabta suka watse ba sallama. Da na miƙe zan tafi sai ta ce, "'Yata, yaya mai tabo a gira? Har yanzu yana tari in ya sha ruwan sanyi?"

Wallahi ban taɓa ambatonka ba. Ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau, ta ɗaga labulen wata ƙofa da ke bayanta. Ɗakinmu na gani, masoyina! Gadonmu, madubin nan da ya tsage a gefe, rigarka ta aiki rataye a ƙusa. Ta ce, "Mun gyara miki. Shi ma in ya zo, akwai wuri." Ban san yadda ƙafafuna suka fitar da ni bakin titi ba.

Washegari na faɗa wa shugaban sashenmu. Ya ce babu kowa a can, tun bara aka yanke ruwa da wuta. Na kunna masa rikodar. Muryata ce kaɗai: in yi tambaya, sai shiru, sai in ce "to, Iya", in yi dariya ni ɗaya. Ya ce gajiya ce, in huta. Sannan ya yi murmushi ya ce aikina ya burge su, suna so in ƙara shekara.

Shekara? Ni da nake hawa bas zan koma masauki, sai in farga na sauka a bakin unguwar nan? Abin da ya fi ba ni tsoro ba tsohuwar ba ce, zuciyata ce. Ɗakin nan ƙamshinka yake yi. Da kewarka suke jana, kamar yadda ake jan kifi da abin da yake so. Yaya zan guje wa tarkon da aka ɗana da fuskarka? Ina zan kai idon da ya ƙoshi da kallon gine-gine, yake yunwar ganinka? Kai ne garina, kai ne unguwata, ba ni da ƙofar da nake son ƙwanƙwasawa sai taka!

Na ƙi tayinsu. Na miƙa rahotona, na ɗaure kayana, amma ban yarda da ƙafafuna su kai ni tasha ni kaɗai ba. Ka kai 'yarmu wurin Mama, ka zo ka ɗauke ni. Zan tsaya a babbar ƙofar jami'a, cikin mutane, inda kowa ke ganina.

Abu ɗaya nake roƙonka, don girman Allah. A hanya motarku za ta wuce ta gefen wasu gidaje masu jan fenti. Idan ka ji muryata daga wani lungu tana kiranka da sunan da ni kaɗai nake kiranka, kada ka waiwaya, kada ka amsa. Ni ina ƙofa ina jiranka.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai, a raye da bayan rai,
matarka.