Bakunan Lome a Injin Ingila

Yaya Salisu,

Gaisuwa mai yawa daga Maamobi. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna?

Har yau ban gurza sandar keken ɗinkinka ba. Ɗan injin gurza ƙarfen da nake taɓawa ranar Lahadi, bakinsa ba ya kama siririn ƙarfe. Sati uku ina zarya kasuwar Tudu neman ƙananan bakuna. Da na gansu wurin wani ɗan Lome, sai na kwaso ban gwada ba. Ashe awon Faransa ne, injina kuwa na Ingila. Ƙarfe sai rawa yake a ciki.

Na gaji, Yaya. Ka gai da Inna, a sa ni a addu'a. Kayan sallar mutane kuwa, kada ka jira ni, ka ɗauki allura.

Ƙaninka,
Ɗanlami