Hannuwa Shida na Gwaggo Mairamu

Garwa, Litinin

Gwaggo Mairamu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da sanyinku na Ngawundere. Mu nan zafi ya gama dafa mu, gishiri kawai ya rage.

Ga takarda na aiko a bas ɗin safe. Kin tuna hotunan fuskarki da hannunki da na ɗauka ranar sunan ɗan Yaya Ziyad? Da su na ƙera wata siffa a kwamfuta, kamar ginin tukunya, sannan na shafe ta da launi. Wata takwas ina kai. Za a yi gasar zane a Yawunde, kuma duk wanda ya ari fuskar mai rai sai ya kawo sa hannun mai fuskar, ko a cire aikinsa. Juma'a ta sama za a rufe karɓar dosiye, wato takardun shiga gasar.

Ba sai kin ga zanen ba. Shirme ne na yara.

'Yarki,
Nasiha

Ngawundere, Laraba

Nasiha,

Bayan gaisuwa, na ga shirmen. Ziyad ya nuna mini a waya, yana dariya har da dafa bango.

Ashe ni ce sarauniyar ƙarƙashin kogin Binuwai. Ƙaho biyu, haƙoran kada, hannuwa shida, ina zaune kan ƙoƙunan kawunan mutane ina cin zuciyar wani bawan Allah.

Ba zan sa hannu ba. Ki sake kallon abin da kika yi mini, ki ji kunya.

Gwaggonki

Garwa, Juma'a

Gwaggo,

Allah ya huci zuciyarki. Na kalla, na ji kunyar daidai gwargwado. Na cire ƙahon, na rage haƙoran, zuciyar kuma na mayar da ita mangwaro. Yanzu sarauniyar ta koma kamar mai jiran layi a asibiti. Ko kaza ba za ta tsorata ba, amma dai mutuncinki ya dawo. Na tura wa Yaya Ziyad ya nuna miki.

'Yarki mai biyayya,
Nasiha

Ngawundere, Lahadi

Ke Nasiha,

Wa ya ce ki taɓa mini ƙaho? Ƙahon nan ya karɓe ni. Ki mayar, har da haƙoran.

Buɗe idonki ki dubi manyan yatsu. Hannuwa shida, duk hagu! Da hagu nake ci, da hagu nake miƙa wa fadawana takobi. Ni da na shekara talatin ina bugun hannun 'ya'yan gidan nan da ludayi, har da naki? Maƙwabciyata Hajja Su'ad ta gani. Ba ta ce komai kan ƙaho ba. Cewa ta yi, "Ikon Allah, ashe Mairamu da hagu take ci in ba kowa." Jiya a gidan biki mata uku suka zuba wa hannuna ido har na gama tuwo.

Ki mai da ni dodo in kin ga dama, amma dodo mai tarbiyya.

Gwaggonki

Garwa, Talata

Gwaggo,

Na duba, da gaskiyarki. Ranar sunan, hannunki na dama bai tsaya ba ko sau ɗaya, yana ta nuna wa mutane inda za su ajiye tukwane. Na hagun kaɗai na samu, shi na kwafa sau shida. Malamaina biyu na jami'a da abokin aikina Bertrand sun yi sa'o'i suna nazarin zanen. Sun yaba yadda haske ke sauka kan ƙaho. Ba wanda ya ƙirga yatsa.

Na gyara: uku dama, uku hagu. Ƙahon ya dawo, zuciyar ma, tana hannun dama na sama. Saura kwana uku, Gwaggo. Wata takwas ɗina na hannunki, kowanne daga cikin shidan.

'Yarki,
Nasiha

Ngawundere, Laraba

Nasiha,

Na sa hannu, takardar na wurin direban bas ɗin rana. Ki bugo mini zanen babba, zan rataye a falo daidai inda Hajja Su'ad ke zama.

Amma kafin ki aika Yawunde, ki ajiye mini buta kusa da kawunan nan. Ba na ci ban wanke hannu ba.

Allah ya ba da sa'a.
Gwaggonki, sarauniya