Tankin da ke saman ɗakin Mama

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar gida, tare da addu'ar wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da ka ce ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida da kanta, Allah ya ƙara mata lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai aiki da ba ya ƙarewa.

Yaya, maganar tankin nan ce ta sa na ɗauki biro, domin a waya dariya ka yi mini, ka ce injiniyoyi mun faye tsoro, tankin da mutum biyu suka ɗaga da hannu. Gaskiyarka, amma babu ruwa a ciki suka ɗaga. Na dubi hoton da ka turo, kana tsaye kusa da shi kana washe baki kamar kai ka ƙera shi. Ya fi ka tsawo da kai guda, wato kusan mita biyu, faɗinsa ma haka. Ko ban riƙe ma'auni ba, zai ci lita dubu biyar ko shida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, buhun siminti kuwa kilo hamsin. Kenan ranar da ya cika, buhu ɗari ne ko fiye a tare a wurin da bai wuce faɗin gado ba. Rufin nan kuwa ina nan Baba ya sa aka zuba shi, na ga siraran rodin da aka saka. Don shanya kaya aka yi shi, kuma a ƙarƙashinsa Mama take kwana.

Akwai abin da shekara huɗu ke nan ban gaya wa kowa a gida ba. A aikina na farko an ba ni takardar wani dandamali da za a ɗora tanki a kai. An rubuta nauyinsa kilo ɗari takwas, ashe dubu takwas ne, sifili ɗaya ya faɗi wajen bugawa. Na bi lissafin layi-layi a kwamfuta, komai ya fita daidai, na sa hannu ina ji da kaina. Wani tsohon magini ya tare ni a bakin wurin, ya ɗaga kai ya dubi tankin, ya tambaye ni wai buhun siminti nawa zai yi idan ya cika. Na ce masa na'ura ta riga ta lissafa. Da na tsaya minti ɗaya, da na ga cewa takardata buhu goma sha shida take faɗa, alhali tankin ya kai girman ƙaramin ɗaki. Ban tsaya ba, Yaya, kunya nake ji a ce magini ya gyara mini.

Ranar da aka cika shi, da tsakar rana, wani kafinta ya shiga inuwarsa ya zauna yana gyaran zarto. Mutum ne mai barkwanci, kullum cewa yake hular kwanon da nake sawa ta fi ƙarfin kaina. Dandamalin ya rufta da tankin a kansa, nan take ya rasu. An yi bincike, aka ɗora laifin a kan wanda ya buga takardar, ni kuwa aka wanke ni. Ban wanku ba. Har yau idan na shiga ɗaki sai na ɗaga kai na ƙiyasta abin da ke sama kafin na zauna. Wani lokaci ina tsakiyar aiki sai na ji ƙarar goga zarto a bayana, na waiwaya babu kowa. Ina tsoro ƙwarai, kuma tun da na ga hotonka ƙarar ba ta bar ni ba.

Ka ce mai famfo sai ƙarshen wata zai zo ya haɗa bututu. Don Allah ka dakatar da shi. A sauko da tankin ƙasa, ko a gina masa ginshiƙai nasa daban a bayan gida, zan turo zane. Idan kuwa an riga an zuba ruwa, ka buɗe shi ya tsiyaye a yau, ka mayar da Mama ɗakin gaba, ka ce mata fenti za a yi. Lissafina zai iya kaucewa da buhu goma ko ashirin, amma ba zai kauce da ɗari ba. Na san ni ƙanwarka ce, kai ka goya ni, kuma ba daɗi ƙarami ya gyara maka aiki. Na san wannan rashin daɗin sarai, Yaya, domin shi na bi, aka binne mutum.

Ka gaishe mini da Mama, amma kada ka karanta mata wannan. Ina gaida Anti da yara, da Gwaggo, da Kawu mai rediyo, da Auta sarkin barci.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka,
Injiniyar Baba