Yaya Manzo Ya Kushe Ɗansa a Gaban Baƙo

Filinge, watan Sha'aban, 1974

Zuwa ga yayana Issa, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Balkisu da yara. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Bana ruwa ya tuna da mu, gero ya fara fid da kai daga nan har Bonkuku, sai dai turaku fayau suke, shanun da fari ya ci sun tafi ke nan. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, tana cin jar dawar taimako tana zaginta. Ƙanwarmu Muna ta sauka lafiya, an sami namiji, an sa masa Sahabi.

To, gyara zama, don raina a ɓace yake, kuma babban yayanmu Manzo ne ya ɓata shi. Ka san ɗansa na fari, Kailu, wanda ka bari yana bin maruƙa. Yanzu sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Inna. Ƙwallon kwando yake yi a Yamai, ɗan gaba ne, daga gefe yake kai hari. Wani mai horar da 'yan wasa na wata ƙungiya ta can garinku ya gan shi, ya ce yana son ya tafi da shi, su ba shi ɗaki da albashi, wasan ya zama sana'arsa. Mutumin kirki ne, don bai tsaya a Yamai ba, ya sha ƙurar hanya har Filinge domin ya nemi yardar uba, ya kuma ji labarin lafiyar yaro tun yarinta. Ni kuwa ranar ina Damana wurin sunan jaririn Muna, abin da har yanzu nake cizon yatsa a kai.

Aka shimfiɗa wa baƙo tabarma a ƙofar gida, unguwa ta taru kamar ana rabon dawa. Baƙo ya tambayi Yaya yadda yake ganin ɗansa. Kai ma ka san abin da zai biyo baya. Mutumin da bai taɓa kiran sunan yaron nan ba saboda kunyar ɗan fari, shi za a ce ya yabe shi a gaban jama'a? Ga kuma maganar jan bajiminsa, wanda ya yaba da bakinsa a kasuwar Baleyara, shi ne kuma ya fara faɗuwa da fari ya zo. Tun ranar Yaya ya ɗauka baki ne ya kashe shi, ba yunwa ba. Sai ya kawar da kai, ya ce yaron ba shi da komai sai tsawon banza kamar karan dawa, rago ne, ga ci, ga ƙirji marar ƙwari tun yana goye. Dattawa kuwa, don su taya shi tsare yaro daga baki, kowa ya kawo tasa gudummawar. Wani ya ce nauyin barci, wani ya ce gwiwa. Direban baƙon, wanda ke yin tafinta, ya kwashe duka ya juye cikin Faransanci bai rage ko ɗaya ba. Da ɗan ƙasarmu ta Kurfai ne baƙon, da ya tashi yana murmushi, ya san ya tsinci dami a kala. Shi kuwa mutumin gaɓar teku sai ya yi godiya, ya shiga mota. A Yamai ya gaya wa Kailu cewa ba zai ɗauki wanda ubansa ya shaida ciwon ƙirjinsa ba, akwai wani yaro da za su duba, kuma bayan ƙaramar Salla za su rufe ɗauka.

Wallahi da na dawo na ji, tuwo ya ƙi shiga bakina. Na sami Yaya na ce masa ko dillalin da ya fi kowa wauta a Baleyara ya san mai saye ke kushe dabba, ba mai ita ba. Ya ce ni 'yar lakwal ce, boko kawai na sani, ban san duniya ba. Na ce na san dai an mayar da yaro mai lafiya majinyaci da rana tsaka, kuma da bakin ubansa.

Bari in gaya maka darajar Kailu yadda take, tunda na yi wasan nan muna makaranta, kuma na je Yamai na gan shi da idona. Ba zan yi masa ƙarya ba: hannunsa na hagu da saura, kuma in aka yi masa ƙeta aka ba shi jifan tara jama'a na ihu, yakan ɓarar. Waɗannan horo ke gyara su. Amma in ƙwallo ta bugi kwando ta dawo, duk tsayin mutum sai dai ya ga tafin hannun Kailu a samansa. Ba ya rowar ƙwallo, yana ganin abokinsa tun kafin abokin ya san an buɗe masa hanya. A ture shi ya faɗi, ya tashi ya karkaɗe wando, ba ya faɗa da alƙalin wasa. Ƙirjin da ake magana kuwa, tari ne ya yi yana shan nono, kamar kowane yaro. Da wannan ƙirjin ya ja guga rani biyu yana shayar da garken ubansa, har saniyar ƙarshe ta kwanta. Wannan ne rago?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shi yaron. Ya zo gida, ya rataye takalman wasansa a bayan ɗaki, yana cewa dako zai koma yi a babbar kasuwar Yamai. Ya san al'ada sarai, amma ya ce mini a gaban 'yan gida ya saba ji, bai zaci har gaban baƙo ba. Don haka nake roƙonka, Yaya Issa, ka bar shagon ko na wuni ɗaya ne, ka nemi mutumin nan. Kai ka san bakinsu, ka san namu. Ka fahimtar da shi cewa a ƙasarmu abin da mutum ya fi so shi yake kushewa. In yana shakka, ya kai yaron likita ya auna ƙirjin, ya sa shi fili da wancan ɗayan ya gani.

Na kawo nan a rubutu, ɗazu bayan la'asar, sai ga Yaya Manzo. Bai shigo ba, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ba ni baya, yana tonon ƙasa da tsinke. Ya tambaya ko kai nake rubuta wa, na ce e. Sai ya ce: "Ki hwaɗa ma Issa shi tahi wurin mutumen nan. Shi ce mishi ni, ubanai, nic ce Kailu, ba a haihi irinai ba cikin Kurfai." Ya waiga hagu da dama ko wani ya ji, ya yi tofi, ya tashi ya tafi da sauri. Yaya Issa, tun ranar da aka raɗa wa yaron nan suna ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai yau. Na so in ci gaba da fushi, hawaye suka hana ni.

Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da man zafinta. Muna da mijinta Tahiru suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Balkisu da Adama da auta Mairama, Allah ya raya su. Ka tafi wurin mutumin nan tun azumi bai kama ba. Kada ka bari Yaya ya kira sunan nan a banza.

Ƙanwarka mai kewarka,
Habsa