Wa Zai Kalli Fim Ɗin Namu?

Laraba da dare, damunar 2006, Rikoto.

Yau 'yan ajinmu muka zauna kan fim ɗinmu, labarin ɗan acaɓar da aka kashe a hanyar Bena aka gudu da babur ɗinsa. Malam ya ce mu fara sanin wa zai kalla. Na ce 'yan acaɓa da matansu, masu sauraron ƙarar babur in magariba ta yi.

Bulus, wai shi darakta, ya kwashe da dariya. "Ke Ladi, matan aure ke cika gidan kallo? Samari ne, kuma jini suke so." Nan take suka tsara a yi yankan a gaban kyamara da ruwan tumatir. Sani, mai fitowa a matsayin ɗan acaɓar, ya kwanta yana shure-shure, ana tafi.

Mutumin nan da aka kashe maƙwabcinmu ne. Matarsa ta ba ni labarin tana kuka.

Da na dawo na iske ta bakin famfo. Ta ce, "Ɗiyata, in kun gama zan kawo yaran su ga babansu."

Na ce to, Mama. Ko tuwo na kasa ci. Ni na rubuta labarin; gobe zan karɓe rubutuna, su je su nemi gawar da ba ta bar 'ya'ya ba.