Makullin Gidanka Yana Hannuna Har Yau

Zuwa ga aminina, Malam Isiyaku mai gyaran rediyo.

Gaisuwa mai yawa, tare da girmamawa irin wadda ban taɓa yi maka ba kana raye. A ƙa'idar wasiƙa, nan ne ya kamata in tambayi lafiyarka da ta iyali. To, shekara uku ke nan da ka wuce inda ake tambayar lafiya. Iyalinka kuwa, a kansu na ɗauki biro.

Rabi ta zo ranar Talata. 'Yarka ta fari, wadda ka tafi da ita tana aji uku na firamare. Yanzu nas ce, da mijinta da 'ya'ya biyu. An mayar da ita aiki wani asibiti a nan wajen Barnawa, kullum sai ta canja mota uku daga Rigasa kafin ta iso. Ta ce gidan mahaifinta ta zo gani. Na shiga falo na ciro makullin daga ƙusar da ke bayan kalanda. 'Yan haya sun shiga sun fita a shekarun nan, amma makullin kullum wurina yake dawowa, tamkar ya san wanda ya jawo masa zaman ƙusa.

Ka tuna yadda ya zo hannuna. Mun tsallake wancan babban rikici tare, iyalinka a ɗakin matata kwana huɗu. Ƙura ta lafa, sai zaɓe ya matso. Ka san al'adarmu a garin nan: da an fara manna fosta, mai ƙauye ya tura iyali ƙauye, mai dangi a ƙetaren gada ya ƙetara, a bar wa maƙwabci makulli. Kai ka ce babu inda za ka. Ni ne na zaunar da kai na ce ka kai matarka Hajara da yara wajen yayanka a ƙetaren gada, mako biyu kawai, in an gama zaɓe ku dawo. Ni na nemo a-kori-kura. Ni na ɗauki katifarka a kaina na ɗora, har ina yi wa direba faɗa ya ɗaure ta da kyau. Na koma gida ina jin kaina mutumin kirki.

Mako biyun nan ya haura shekara ashirin.

Har yanzu ina koyar da tarihi, kada ka yi dariya. Duk shekara ina rubuta wa ɗalibai dalilan yaƙi a allo, na nesa daban, na kusa daban. Rigimar ƙasa, kwaɗayin mulki, rashin adalci, 'yan siyasar da ke haya da fushin talaka, samarin da suka tashi suka tarar an rufe masaƙun Kakuri. Duk gaskiya ne, wanda ya haddace kuma yana cin jarrabawa. Sai dai akwai dalili guda da babu shi a manhaja, ban kuma taɓa rubuta shi a allo ba: maƙwabci mai ƙauna, ɗauke da katifa a kansa. Masu adda sun kori mutane daga layin nan, ban musa ba. Amma sauran, mu muka raka su da addu'a da ɗaga hannu.

Na daɗe kafin na gane abin da na loda a motar nan. A zatona kayan ɗaki ne da tsofaffin rediyoyi.

Ka tuna bencin shagonka. A kansa duk jita-jitar unguwa take sauka, kai kuwa kanka a sunkuye, kana liƙa waya da dalma. Sai an gama kumfar baki ka ɗago ka ce, "Wa ya gani da idonsa?" Tambayar nan ta ɓata wa mutane da yawa daɗin labari.

Wata Asabar da hantsi aka ce an ƙona wata majami'a a ƙetare. Kafin a jima samari sun cika bakin layi da gorori. Ka tayar da tsohuwar Vespa ɗinka ka ce in hau, tunda ni Kirista ne, za su yarda da bakina. Muka ƙetare gada ina riƙe da rigarka, ina karanta duk addu'ar da na iya, kai kana cewa in sassauta kada in yaga maka ita. Muka tarar da majami'ar a tsaye, mata biyu suna shara. Muka dawo na faɗa. Samari suka watse, wasu har da jin haushi. Ba a kashe kowa ba ranar, shi ya sa babu littafin da ya ambace ta. Tarihi ba ya rubuta faɗan da ba a yi ba, ni kuma da abin da ya rubuta nake cin abinci.

Yanzu jita-jita ba ta neman benci, a aljihu take kwana. Sai a turo hoton gobara, ba a san ƙasar da aka ɗauke shi ba, kafin azahar kowa ya rantse bayan gada ne. Babu mai tambayarka. Ko an yi ta, babu wanda za a hau bayansa a je a gano. Ɗalibaina da yawa ba su taɓa cin naman Salla daga hannun maƙwabci ba. Musulmi a wurinsu labari ne, na kuma tabbata jikokinka haka suke jin labarinmu. Ni da kakan ce saura ƙiris in musulunta, tunda na fi ka sanin lokacin shan ruwa in Hajara ta dama kunu.

An sa ƙofar ƙarfe a bakin layi. Gororin nan sun zama bindigogi ƙirar gida, na ji an ce haka abin yake a wajenku. Kowa cewa yake kare kansa yake yi. Na karanta yaƙe-yaƙe da dama, Isiyaku, ban ci karo da wanda ya ce shi ne ya fara ba. Duk masu kare kai ne suka haɗu a fili.

Kwaɗon gidanka ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man keke. Rabi ta zaga ɗakunan. Gwaibar da ka shuka ta fasa simintin tsakar gida. Kantar da kake jera rediyo tana nan, ta shafa ta da tafin hannu, ta dubi ƙurar. Sannan ta juyo ta ce, "Baba Bulus, tsakaninka da Allah, in na kawo yarana nan za mu zauna lafiya?"

Duk abin da na rubuta maka a sama yana cikin kaina a lokacin, a jere, kamar darasi. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa ta ɗan dakata a gama zaɓe tukuna.

Ta yi murmushi irin naka, na gefen baki. Ta ce, "Haka Baba ya ce ka faɗa masa."

Ta rufe kwaɗon da hannunta, ta mayar mini da makullin. A bakin titi, muna jiran keke, ta gaya mini ƙannenta sun sami mai saye. Ita ce ta roƙi a bar mata zuwa ƙarshen wata. In ba ta tare ba, za a sayar. Mai sayen ɗan majami'armu ne, mutumin kirki. Daga ranar layinmu zai zama namu zalla, babu sauran gida ko ɗaya da zai tuna mana da ku. Wasu wannan suke kira zaman lafiya.

Bari in ƙara maka da wani, tunda yau ranar tonon asiri ce. Da ka rasu na ce labari ya iso ni a makare, ku kuma ba ku jira da gawa. Gaskiya ne. Amma an yi zaman makoki kwana uku, na sani, na sa takalmi har sau biyu, ban ƙetare gadar ba.

Tun ranar Laraba nake bin gidajen layi. Abin da nake nema kaɗan ne: ranar da motar kayan Rabi za ta shigo, mu fito mu sauke tare, da rana, kowa yana gani. Fasto ya ce zai sa abin a addu'a. Shugaban layi ya ce za a kafa kwamiti, ka san kuwa abin da ke shiga kwamiti ba ya fitowa. Mama Saratu, wadda ka gyara wa rediyo ya fi sau goma ba ka taɓa gaya mata ya mutu ba, ita ce ta ce a kai mata kujera ƙofar gidanka ta zauna, mai magana ya zo ya same ta. Ido ɗaya ya rage mata. Rundunar zaman lafiyarmu ke nan a yanzu: tsohuwa mai ido ɗaya da malamin tarihi mai ciwon gwiwa.

Na kira Rabi sau biyu, ba ta ɗauka ba. Ina gaya wa kaina tana bakin aiki. Kwana tara suka rage. In ta ɗauka, ba zan iya yi mata alkawarin lafiya ba, ban mallake ta ba, 'ya'yanta kuma ba abin gwada darasina ba ne. Abin da zan iya faɗa mata kawai shi ne, kan da ya fitar da katifar mahaifinta yana nan, zai iya shigar da tata. In ta ƙi, ba ta yi laifi ba. Daga bakina ta koya.

Allah ya jiƙanka, Isiyaku, ya sa ka huta. Ya tsare Rabi da yaranta a duk gefen kogin da suka kwana. Ya ba garin nan masu tambaya irinka, ko da ɗaya a kowane layi. Ni kuma ya gafarta mini alherin da na yi maka.

Naka, mai riƙon makulli,
Bulus Tica